Tsuntsuwar Da Ba A Yi Wa Magana

Litinin, bayan la'asar

Yaya ya kawo Baba. Ya sauke shi da jaka biyu da kujerarsa ta katako, ya sha ruwa a tsaye, ya ce hanya ba kyau gara ya juya da wuri. Wai nan ne ya fi dacewa da Baba, ga iska, ga shiru. Shiru! Sai ka ce shirun ne ya yi wa bawan Allah nan ƙaranci. Tun ranar da mahaifiyarmu ta rasu muka fito daga asibiti, in ka samu kalma biyar daga bakinsa a wuni, to ka taki sa'a.

Ban ce ba na so ba, ubana ne. Amma ɗaki biyu gare ni a gidan ma'aikata, kuma sai a watan da ko kaina ba ni da lokacin tsefewa. Jaka ta biyun ba tasa ba ce, ta marigayiyar ce. Na tura ta ƙarƙashin gado, ban buɗe ba.

Talata, da hantsi

Na zaunar da Baba a baranda na karanta masa dokar wurin nan, yadda nake yi wa duk wanda ya kwana a cikin shingenmu.

Na ce, “Baba, ka ga ƙaramar ƙofar can ta bayan tankin ruwa? Bayanta akwai babban keji, a ciki akwai 'yar jan-tukku guda ɗaya. Duk faɗin duniya babu tsuntsun nan sai a dajin kan dutsen nan. Waɗanda suka rage ba su kai talatin ba, kuma yawancinsu maza ne. Ƙwai huɗu muka tsinto bayan gobarar daji, ɗaya ne ya ƙyanƙyashe, Allah ya taimake mu mace ce.”

Na yi masa bayanin sauran. Ba a shiga wurinta sai da doguwar riga ruwan toka mai rufe har fuska. Abinci da safar hannu ake ba ta, wadda aka ɗinka da siffar kan uwarta. Ba tari, ba waya, ba magana. In ta saba da mutum, ranar da aka sake ta da ƙafarta za ta taka ta je wurin mai tarko na farko da ta gani. Kafin saki Likita, wato likitan dabbobinmu, zai gwada ta: mutum zai shiga da fuska a buɗe. In ta gudu ta ɓuya, sai daji. In ta matso, sai gidan zu a birni, har ƙarshen rayuwarta.

Baba ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Watanta nawa?”

“Huɗu.”

“Wata huɗu ba wanda ya ce mata sannu?”

“Ba wanda ya ce, Baba. Aikin ke nan.”

Ya dube ni kamar na amsa laifin sata a gabansa.

Laraba, da rana

Sikeli ya lalace. Janareta ya lalace. Ni ma saura ƙiris.

Alhamis, bayan magariba

Na wuni tonon gara, bayana kamar ya tsage. 'Yar tsuntsuwar nan ci gare ta, Allah ya sa albarka, ta kusa kai girman zabuwa, tukkun ya fara yin ja sosai. Cikin rigar nan kuwa zufa har cikin takalmi. Likita ya same ni na ɗage mayafin fuskar a bayan tanki ina shan iska, ya ce, “Anti, bisa ƙa'ida sai an wuce ƙofa ake buɗewa.” Na wuce ƙofar fa! Yaron nan na girme shi da shekara goma, amma ko atishawa zai yi sai ya duba ƙa'ida.

Kullum bayan azahar ina hawa dutse in duba garken 'yan'uwanta na daji. Yanzu suna saukowa rafin ƙasa saboda damina. Da ruwa ya ɗauke za su koma can ƙololuwa inda ko akuya ba ta zuwa. Dole ta shiga cikinsu kafin nan, in ba haka ba mun yi asarar shekara, kuma ba a ajiye irinta shekara a keji ta sake zama ta daji.

Baba ya ci cokali uku ya ture kwanon.

Asabar, da yamma

Ikon Allah! Baba ya cinye abincinsa tas, har ya ce in akwai saura a ƙaro. Na ƙaro da gudu kada ya canja ra'ayi. Na lura ƙafafun kujerarsa duk taɓo, na ce ko a tsakar gida ya zauna bayan ruwa. Na goge, ban tambaya ba.

Litinin, da safe

An gyara sikeli. Ta ƙara nauyi, fukafukai lafiya, ƙafa lafiya. Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Da na shiga ban same ta a wurin cin abinci ba, tana can kusurwar raga ta ɓangaren gidaje, a tsaye ƙiƙam, ta karkata kai kamar mai jiran wani. Sai da na kunna kukan uwarta a 'yar lasifika sau biyu ta zo, shi ma a kasalance.

Dogo mai gadi ya gaishe ni yau yana kallon takalminsa. Shi da kullum sai ya tsare ni da labarin ciwon haƙorin matarsa.

Laraba, bayan la'asar

Dole in rubuta, in ba haka ba zan fashe.

Hadari ya koro ni daga dutse da wuri. Na zagayo ta bayan tanki, sai na ji murya. Na ce kunnena ne. Na leƙa. Baba ne zaune a kujerarsa daf da raga, hularsa a gwiwa, fuska a buɗe tarwai, yana hira. Hira fa! Ita kuma ta kwanta a gabansa ta cikin ragar, ta lumshe ido, tana wani kur-kur da ban taɓa jin ta yi wa safar hannuna ba.

Yana ce mata, “Shayin gidan nan ruwa ne zalla, Baƙuwa, amma kada ki faɗa mata. Yarinyar kirki ce, zuciya ce dai a kusa. Ba daga wurina ta ɗauko ba.” Sai ya yi dariya. Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Minti nawa na yi a tsaye ban sani ba. Rabona da jin muryarsa ta yi tsawo haka, kai, a bar maganar.

Sannan abin ya taso mini. Wata huɗu ina dafuwa a cikin buhu, ina haɗiye tari har idona ya yi ja, ina tafiya da sanɗa kamar ɓarauniya, ashe tsoho yana nan yana ba ta labarin shayi! Ga shi ba damar ihu, a gaban keji muke. Na jawo mayafin na rufe fuska, na je na kama hannunsa, na ɗauki kujerar da ɗaya hannun, muka fito tsit. Da muka iso gida kuma na buɗe baki, sai na tuna ubana ne. Na ajiye kujerar na nufi ɗakin gadi.

Na ce, “Dogo, me aka ajiye ka yi a nan?”

Ya ce, “Malama, don Allah ki tsaya ki ji. Dattijo ya zo ya yi mini sallama, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, har da mai ciwon haƙori. Ya ce zai ɗan sha iska ta baya. Ni ne zan sa hannu in tare shi? Sa'an ubana?”

“Tun yaushe?”

“Tun washegarin da kika yi masa bayani.”

Wato bayanina ne ma ya nuna masa hanya. Na gode wa Allah.

Alhamis, da safe

Na sa kwaɗo a ƙaramar ƙofa, makullin yana wuyana. Ban gaya wa Likita ba tukuna. Na ce wa Baba, cikin ladabi iyakar iyawata, abin da ya yi zai iya jawo mata ɗaurin rai da rai. Ya ce, “Gaisuwa ce kawai, Auta. Ba a ajiye mai rai a gida a riƙa tura masa abinci ta rami.” Na ce ba a gida take ba, a hanya take. Ya ɗauki carbinsa.

Juma'a, da yamma

Bai ci ba. Ita ma ba ta ci ba. Sun haɗa mini kai.

Asabar, da rana

Na kira Yaya don in samu mai taya ni jin haushi. Dariya ya yi har da tari. “Haba Auta, tsuntsu ne fa!” Na ce tsuntsun da in ya ƙare ya ƙare ke nan, ba kasuwar da za a je a sayo wani. Ya ce, “To ni dai gara ya yi hira da tsuntsu da ya zauna yana kallon bango. Kin manta yadda yake a gidana?” Na ce tunda ka san haka ka zo ka ɗauke shi ka saya masa aku. Na kashe wayar.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban manta yadda yake a gidan nasa ba.

Ta wuni a kusurwar nan. Na kai mata gara mai rai, masu motsi, irin waɗanda take rububi, ko kallo ba su ishe ta ba.

Lahadi, bayan azahar

Nauyinta ya sauka, kuma sikeli ba ya rufa wa kowa asiri. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya dube ni. Na ja shi waje na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ya ce a gwada yanzu a ga iyakar ɓarnar. Muka tura Dogo da fuska a buɗe. Ina addu'a a bayan raga, Allah ka sa ta gudu, Allah ka sa ta gudu. Ta taho tinƙis-tinƙis, ta zagaya shi, ta kama igiyar takalminsa tana ja. Shi kuma sakaran yana murmushi!

Likita ya ce, “Bisa ƙa'ida, Anti, sai in kira mutanen gidan zu.”

Na ce ya kira duk wanda zai kira, amma ya ba ni zuwa ɗaukewar ruwa. Na roƙe shi, ni da ban taɓa roƙonsa ko biro ba. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage, ita ma ba tabbas: a tsorata ta. A riƙa faɗo mata da fuska a buɗe, da ihu, da ƙarar ƙarfe, da feshin ruwa, har ta gane fuskar mutum ba alheri ba ce. Na ce ihu dai ina da shi a ajiye, na kwana biyu ina neman inda zan sauke.

Talata, da yamma

Jiya da yau mun zama mahaukata. Ni da murfin tukunya biyu, Dogo da bokiti da sanda, Likita da robar feshi yana ihu cikin natsuwa kamar mai kiran sunaye a aji. Amma ya yi aiki. Jiya ta ruɗe, yau da ta hango mu ta yi wuf ta shige ƙarƙashin kurmin da muka dasa mata, ta lafe. Har na fara jin sanyi a raina.

Muna tsaye muna haki, sai daga can gida Baba ya ɗaga murya, “Auta, ina kika sa mini maganin?”

Shi ke nan. Ta fito daga ɓuya zumbur, ta ratsa ta tsakanin ƙafafunmu, mu da murafenmu, ta tafi kusurwarta tana kur-kur, tana leƙen inda muryar ta fito.

Wato abin da ta koya shi ne akwai mahaukata uku a duniya, sauran mutane kuwa mutanen kirki ne. Likita ya ce masu tarko ba da ihu suke zuwa ba. Zama suke yi, su watsa tsaba, su yi magana a hankali. Ya ce, “Wanda ta yarda da shi, shi zai kore ta. In ba shi ba, aikin banza muke yi.” Ya faɗa yana kallon wani wuri, don ya san ni zan je in faɗa.

Laraba, bayan magariba

Na haɗa masa shayi mai kauri, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na faɗa masa.

Ya ce, “In daki baƙuwata?”

“Ba duka ba ne, Baba. Tsoratarwa ce. Ka yi mata tsawa, ka buga ƙarfe, ta gudu.”

“Ta zo wurina da amana, in yi mata tsawa.”

“Amanar ce za ta kashe ta.”

Ya juya kofin a hannunsa. Na ci gaba da zuba, ƙwai huɗu, gobara, garke, damina, duk abin da ya riga ya sani. Har na fara ɗaga murya. Sai ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba:

“A asibiti ma haka kuka ce a kan mahaifiyarku. A yi shiru, a bar ta ta huta, kada a dame ta. Na zauna a bayan gilashi na yi shiru, yadda aka ce. Tana buɗe ido tana dubawa.”

Ya ajiye kofin.

Na fita na wanke rigunan aiki guda uku. Wankakku ne, da safe na kwashe su daga igiya.

Alhamis, da rana

Ba hadari. Sama fes.

Juma'a, da rana

Yau ma ba ruwa. Na hau dutse, garken ya ragu a rafi, wasu sun fara haurawa. Na zauna a kan dutse na zagi duk wanda ya faɗo mini a rai: wanda ya cinna wa dajin wuta, masu tarko, masu sayen gashin, Yaya, Dogo, wanda ya ɗinka rigar nan. Ban zagi Baba ba. Na dai yi shiru daidai wurin sunansa na ɗan lokaci.

Asabar, bayan la'asar

Mutanen gidan zu ba su ɓata lokaci ba, sun aiko da akwatin katako mai huji-huji. Direban ya rasa inda zai sauke shi sai a barandata. Na fito na tarar Baba yana auna shi da taƙi.

Ya ce, “A nan za ta zauna?”

“A nan za a kai ta. Can kejin ya kai girman ɗakin girkinmu.”

“Can ana yi mata magana?”

“Daga safe har yamma. Yara, manya, kowa da abin da zai ce.”

“Ana barin tsofaffi su shiga?”

“Ana bari.”

Ya gyaɗa kai. “To ai ba laifi.”

Ba laifi! Wallahi sai da na ga duhu-duhu. Na shiga ɗaki na cusa fuskata a filo na yi ihun da ya fi na ranar murfin tukunya. Shekara shida ina wannan aiki, na bar birni, na bar abubuwan da ba sai na lissafa ba, don wata rana in ga mace ɗaya ta ƙaru a dajin nan. Ubana ya ce ba laifi.

Da na fito yana nan inda na bar shi, hannunsa a kan akwatin.

Ya ce, “Auta, can akwai 'yan'uwanta?”

“Babu.”

“Ko ɗaya?”

“Ita kaɗai. Mutane dai za su yi ta zuwa suna ce mata sannu.”

“Har yaushe?”

“Suna kai shekara ashirin.”

Ya daɗe yana kallon hujin akwatin. Ya ce, “Mutane su yi ta zuwa suna ce maka sannu.” Ba da ni yake ba.

Lahadi, da hantsi

Na tashi na tarar da shi a tsaye a ƙofar ɗakin girki, ya sa rigarsa mai kyau, murfin babbar tukunyata a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Ya ce, “Ina makullin?”

Na aika Dogo ya kira Likita. Muka tsaya a bayan raga cikin rigunanmu, shi ya shiga shi kaɗai. Tana ganinsa ta taho da gudu, fukafukai a buɗe, tana kur-kur, tana zagaya ƙafafunsa. Ya tsaya yana kallonta har na zaci ya fasa. Leɓensa ya motsa, ban ji abin da ya ce ba. Sannan ya buga.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin Baba ya yi tsawa ba. Ko da Yaya ya ƙona masa shago da wasan ashana, zama ya yi ya ce Allah ya kiyaye gaba. Yau na ji. “Tafi! Tafi, na ce!” Ta yi tsalle baya, ta tsaya, ta sake matsowa. Ya sake bugawa, ya bi ta, tsoho da ciwon gwiwa, yana tuntuɓe da saiwa. Sai da ta shige kurmi ya tsaya.

Ya fito ya miƙa mini murfin. Ludayin ya lanƙwashe.

Litinin, da hantsi

Ya sake shiga. Ta taho rabin hanya ta tsaya, tana karkata kai. Na ji kamar in ce a bari haka.

Ya buga, ya yi kanta. “Me kike jira a nan? Wa ya ce ki jira ni? Tafi! Ba haka ake yi ba? A tafi a bar mutum!” Muryar ta karye a ta ƙarshen, amma bai daina buga murfin ba, har bayan ta ɓuya yana bugawa. Dogo ya juya mana baya yana gyaran igiyar takalminsa da ba abin da ya same ta. Ni dai Allah ya taimake ni akwai mayafi a fuskata.

Ta koma cin gara da yamma, ta ci da yawa. Shi ya sha ruwan shayi kawai.

Talata, da hantsi

Yau tun daga jin takunsa ta ɓace. Ya tsaya a tsakiyar keji da murfi a hannu, ba wanda zai kora. Ya buga sau ɗaya duk da haka, don Likita ya ce a buga.

An yi yayyafi da rana. Kaɗan ne, amma an yi.

Alhamis, bayan azahar

Ranar gwaji. Likita ya ce bisa ƙa'ida baƙuwar fuska ake sawa, amma wannan karon ba fuska ce damuwarsa ba. Baba zai shiga ba murfi, ba tsawa, ya zauna a kujerarsa ya yi mata magana yadda ya saba. In ta fito, akwati. Na ce wannan ai mugunta ce. Ya ce ya sani, Anti. Karon farko ke nan da na ji ya amsa magana ba da ƙa'ida ba.

Dogo ya shigar da kujerar. Baba ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tana can tana tono a gindin itace.

“Salamu alaikum, Baƙuwa.”

Ta ɗaga kai. Sai ta yi ƙasa da jiki, ta zura a guje, ta shige can cikin kurmi inda ya fi duhu, ta lafe. Ko ganye bai ƙara motsi ba.

Baba ya ci gaba. “Kin tashi lafiya? Ya gajiya? Ya kwanan keji? An ce kin koma cin abinci, haka ake so.” Bayan kowace tambaya sai ya dakata, ya bar mata wurin amsawa. Ya yi gaisuwar nan kaf, bai tsallake ko ɗaya ba. Ba kur-kur, ba komai.

Likita ya raɗa mini, “Ta ci gwajin.” Ya ɗaga hannuwa zai tafa, na yi masa kallon da ya sa ya mayar da su aljihu.

Baba ya sa hularsa ya fito. Ya bar kujerar, Dogo ne ya biyo shi da ita.

Asabar, da yamma

Mun sake ta da sassafe. Mun sa mata zobe a ƙafa da 'yar na'urar bin sawu, muka hau da ita cikin kwando a rufe. Na ce wa Baba Dogo zai iya goya shi a wuraren hawa, ya ce ƙafarsa na ciwo. Ƙafar da ya yi kwana uku yana tsere da ita a keji.

Saura bakwai a rafin, ciki har da wani namiji mai karyayyen gashin wutsiya. Muka ajiye kwandon, muka ja igiyar murfin daga nesa. Ta fito, ta tsaya, ta girgiza jiki. Namijin ya yi kuka daga ƙetaren ruwa. Ta amsa da wata murya da ban san tana da ita ba, ta tsallaka, ta shiga cikinsu. Da suka haura cikin itatuwa na kasa gane wace ce ita sai da na'ura.

Na dawo na same shi a baranda, akwatin gidan zu a gefensa, ba a zo ɗauka ba tukuna.

Ya ce, “Ta tafi?”

“Ta tafi, Baba. Sun karɓe ta.”

“Ta waiwayo?”

Na so in yi masa ƙarya. Na ce, “A'a.”

“Ko sau ɗaya?”

“Ko sau ɗaya.”

Ya ce madalla. Ya sake cewa madalla. Sannan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suka fara rawa.

Na zauna a kan akwatin, gwiwata tana taɓa tasa. Ban san abin da ake cewa ba. Sai na fara ba shi labarin yadda Likita ya zame a hanyar dawowa ya zauna daɓas a cikin taɓo, tabarau a gefe, yana tambayar ko na'ura ta jiƙe. Daga nan na wuce labarin haƙorin matar Dogo, na wuce na direban da ya kawo akwati, duk abin da ya zo bakina. Yana kuka ina surutu, har aka kira magariba ban yi shiru ba.